Ranar da Gwaggo Dije Ta Cire Takalmi a Saman Jidda

Daga Kazaure zuwa Kano

Ladan bai yi kiran assalatu ba na fito da jakata a kafaɗa. Sunana Garba, tela ne ni a bakin kasuwar Kazaure, kuma kafin wannan tafiya, wadda na yi a shekarar da naira ta fito, ban taɓa wuce Zariya ba. Na leƙa ɗakin Baba don mu yi sallama. Ciwon ƙirji ya kwantar da shi tun damina, duk ya rame sai idanu. Ya riƙe hannuna ya ce, "Garba, ban sayar da shanun nomana don ka yi Umara kaɗai ba. Ka zo mini da yayata. Ka gaya mata in tana son ta same ni, ta yi sauri."

Yayar tasa ita ce Gwaggo Dije. Tana amarya mijinta ya ɗauke ta suka nufi Makka a ƙafa, lokacin Baba bai wuce kiwon awaki ba. Fiye da shekara arba'in ke nan ba su sa juna a ido ba. Duk shekara alhazai sukan kawo mana dabino da zamzam daga wurinta, da amsa guda ɗaya tak: baɗi in Allah ya yarda.

A tasha na sami motar fatu mai zuwa Kano. Direban ya ƙare wa sabuwar rigata kallo ya ce, "Ina zuwa haka da sassafe?" Na ce, "Jidda." Ya ce, "Masha Allah! To Alhaji, hau baya, gaba ta cika." Haka na shiga Kano ina warin fata. Batun babban jirgin sama kuwa, kada ku tambaye ni. Tun da ya fara gudu na runtse ido, ban buɗe ba sai da na ji an ce Jidda. Wanda ke kusa da ni ya ce an raba abinci har sau biyu.

Jidda, unguwar Ruwais

Zafin Jidda ba irin namu ba ne. Namu ƙona ka yake yi, nasu dafa ka yake yi. Kafin in gama sauka daga matakala rigata ta manne mini a baya. Ma'aikacin fasfo ya buga hatimi, ya nuna mini da yatsu 'yan makonnin da aka ba ni, ya ce, "Yalla." A waje wani dogo cikin farar jallabiya ya rungume ni yana cewa, "Ahalan ya walad khali, sannu ɗan kawuna! Kai ne telan? To wa ya ɗinka maka wannan buhun?" Usman ke nan, ɗan Gwaggo, taubashina, haifaffen Jidda. Rabin Hausarsa Larabci ne, amma tsiyar taubasai bai bar ko ɗaya ba. Direba ne a wani kamfanin masu neman ma'adinai a cikin duwatsu.

Gidansu yana Ruwais, dab da teku. A ƙofar gida muka tarar da Gwaggo tana tuyar waina, gajeriya, baƙa, da zanen gidanmu a kumatu. Ta ɗago ta dube ni, ta saki cokali, ta fashe da kuka tana cewa, "Goshin ubanka ne sak!" Ranar na ci ful da tamis, wato wake da gurasar Larabawa, na ci waina, na sha kunun gyaɗa har na kasa tashi.

Sai da na yi Umara na dawo sannan na isar da saƙon Baba. Ta ce, "Zan je. A nemo mini jirgin ruwa zuwa Sudan, daga can in bi mota."

Usman ya ce, "Ya Ummi, wannan hanyar watanni ce. Ke da ko kasuwa ƙafarki ba ta kai ki? Khali, ƙanenki, ba zai iya jira ba."

Na ce, "Gwaggo, jirgin sama ko yini ba ya cikawa. In tsoro ne, ai ni ma..."

"Kai, rufe mini baki! Ni da na ƙetare Bahar Maliya a jirgin katako ana kwarfe ruwa da ƙwarya? Ba tsoro nake ji ba, kunya nake ji. A gidanmu ko ƙafa babba ya miƙe ba a tsallakewa. Yanzu ni Dije in hau sama da takalmina, in tsallake kabarin Malam mijina, in tsallake masallatai, bayin Allah suna sujada ina bisa kansu? Wace irin tarbiyya ce wannan?"

Na ce, "Ai malamai ma suna hawa."

Ta ce, "Malamai sun san abin da za su faɗa wa Ubangiji. Ni ban sani ba."

Na yi lallashi, na yi magiya, na kawo limamin unguwa, duk a banza. Kwanakina suna ta ƙarewa. Wani ɗan kasuwar garinmu da ya iso bayana ya ce mini Baba yanzu sai an tallafe shi yake zama. Wallahi raina ya ɓaci, har abinci na daina ji wa daɗi. Da wane ido zan koma in dubi tsohon nan ni kaɗai?

Wata rana muna cin abincin rana, Usman ya ce kamfaninsu yana da jirgi mai saukar ungulu. Duk sanda aka gama yi masa gyara, matuƙin yakan ɗauki ma'aikaci ɗaya da iyalinsa ranar Juma'a su sha iska, su ga birni, su leƙa Harra. Wannan karon layi ya zo kansa. Ya ce, "Zan kai tela ya yi amai a sama."

Gwaggo ta ajiye lomar da ta ɗauka. "Wace Harra? Mai baƙaƙen duwatsu, ta hanyar Madina? Da wani dutse mai rami a ka?"

"Aiwa, Ummi. Injiniyoyi sun ce a zamanin da wuta yake amai."

"Shi jirgin yana sauka a can?"

"Ko'ina yake sauka."

Gwaggo ta janye hannu daga kwano. Sannan ta gaya mini abin da ba mu taɓa ji ba a gida. Kafin Usman ta haifi 'ya mace, Binta. Bayan hajjinsu na farko suka kama hanyar Madina a ƙafa, ayari ya ɓace musu, ruwa ya ƙare a cikin Harra. Yarinyar ba ta daɗe da yaye ba. A gindin wannan dutse ta cika, a bayan uwarta, nan suka rufe ta da duwatsu don babu ƙasar tonawa. Mota ba ta zuwa wurin, ita kuma ba ta sake komawa ba.

Ta ce, "Zan hau wannan. Amma kada ya bi ta kan maƙabarta. Kuma da ruwana zan tafi."

Abhur

Ranar Juma'a muna idar da sallar asuba muka kama hanyar arewa a motar kamfani, teku tana hagunmu. Sansanin yana Abhur, bayan gari, inda ba kowa sai masunta da 'yan gidajen hutun masu hali. Mai gadi ya duba iƙamar Usman, wato takardar zamansa, da fasfona, ya leƙa ya ga Gwaggo ta rungume jarkar ruwa kamar jariri, ya ce, "Hajja, ƙaura za a yi?" Ba ta ko kalle shi ba.

Ga jirgin nan a fili, ɗan mitsitsi, gabansa duk gilashi, sai ka ce mazari. Matuƙin wani ɗan Pakistan ne mai gashin baki, Kyaftin ake ce masa. Ya sa aka ɗora mu a sikeli ɗaya bayan ɗaya, abin da ban taɓa gani an yi wa ɗan Adam ba sai buhun gyaɗa. Da aka zo kan jarka ya girgiza kai, ya ce nauyi ya yi yawa, kuma akwai ruwan sha a jirgi. Gwaggo ta ce a gaya masa ba na sha ba ne, in jarkar ba za ta hau ba ita ma ba za ta hau ba. Usman ya ce, "Halas, magana ta ƙare, a bar tela, a ɗauki jarka." A ƙarshe dai ƙunshin guzurina aka bari, da wainar da na ci burin ci a sama.

Aka ɗaure mu da ɗamara. Fukafukan suka fara juyawa, ƙara ta cika kunne, ƙura ta turnuƙe. Ban ankara ba sai na ga mai gadi ya koma ƙanƙani a ƙarƙashinmu. Na runtse ido, na damƙe hannun Usman ina salati. Gwaggo ta zungure ni da gwiwar hannu ta ce, "Buɗe idonka, sakarai! Wa zai ba ubanka labari?"

Na buɗe. Jama'a, teku daga sama ba ruwa ɗaya ba ce. Bakinta kore shar, gaba kaɗan shuɗi, can ciki kamar an zuba baba a marina. Ana hango duwatsun ƙarƙashin ruwa da kwalekwalen masunta. Gwaggo sai "Ikon Allah" take yi. Na ce a raina, alhamdu lillahi, an wuce wurin.

Bisa birni

Ashe ba a wuce ba. Kyaftin ya karkata zuwa kudu, sai ga rufin gidaje, ga tituna, ga mutane suna kai da kawo. Gwaggo ta leƙa ta gansu daidai ƙarƙashin ƙafarta. Ta ƙwala ihu, "Usman, ce masa ya tsaya!"

"Ya tsaya a ina, Ummi?"

"Mutane ne fa! Ga wani tsoho can da sanda!"

Na ce shi ke nan, yau in muka sauka ko da igiya ba mai kai ta filin jirgi. Ta dubi hagu, ta dubi dama, ba hanyar fita. Sai na ga ta sunkuya da ƙyar cikin ɗamarar nan, ta zare takalmanta, ta haɗa tafinsu, ta ɗora a cinya. Ta rusuna da kai kamar mai wucewa ta gaban manya a zaure, ta ɗaga murya ta ce, "Salamu alaikum! Gafaranku dai, bayin Allah! Wucewa za mu yi, ba raini ba ne!" Ta juyo kanmu. "Ku kuma me kuke jira? Ku tuɓe!" Nan da nan muka tuɓe.

Kyaftin ya tambayi Usman me ke faruwa. Usman ya yi masa bayani da Larabci yana ihu a kunnensa. Ya fara dariya, sai kuma ya daina, ya dafa ƙirji. Shi ba shi da halin cire nasa don da ƙafa yake taka wasu ƙarafa, amma daga nan duk unguwar da za mu shiga sai ya waiwayo ya faɗa mata sunanta.

"Ruwais, ya Hajja!"

"Gafaranku dai, mutanen Ruwais! Kai, ga gidanmu can! Usman, wa ya bar mini tanda a rana?"

"Sharafiyya!"

"Gafara dai, mutanen Sharafiyya! Allah ya ba da kasuwa!"

Haka muka ratsa Jidda ana gaisawa. Mun ga tsohon gari da dogayen gidajensa masu tagogin katako, sun matsu da juna ba masaka tsinke. Mun ga hasumiyoyin masallatai, da masaukin alhazai, da filin jirgi a tsakiyar gari, manyan jirage a jere. A tashar ruwa kuwa jiragen kaya sun yi layi har iya ganin ido suna jiran a sauke su. Ko'ina gini ake yi, ko'ina ƙarafan ɗaga kaya sun miƙe. Tun ina jin kunya har na saki jiki na shiga amshi, ni ma ina "Gafara dai" iya ƙarfina. Da muka doshi maƙabarta Kyaftin ya yi kwana mai faɗi ya bi ta gefe, ya rage gudu. Gwaggo ta ɗaga hannu ta yi wa Malam addu'a, ta shafa, ta ce mu tafi.

Harra

Muka bar birni muka nufi arewa maso gabas. Rairayi ya ƙare, tsaunuka suka fara, sannan ƙasa ta yi baƙi ƙirin kamar gonar da aka sa wa wuta. Ba itace, ba tsuntsu. Ana ganin inda narkakken dutse ya malalo a zamanin da ya daskare, layi-layi. A tsakiya ga dutsen nan ya tashi shi kaɗai, kansa a rarake kamar turmi, bakin ramin ja-ja. Kyaftin ya zaga da mu bakinsa har muka leƙa ciki.

Gwaggo ta leƙa ƙasa. Ta nuna gindin dutsen ta ɓangaren yamma. Kyaftin ya nemi wuri mai ɗan laushi ya sauke mu, ya kashe inji. Shirun wurin har kunne yake sa wa ƙara. Muka sa takalma, don duwatsun kaifi gare su, ga zafi tun hantsi. Na ɗauki jarka, Usman ya riƙe uwarsa.

Ta yi nan, ta yi can. Ta tsaya a wani tarin duwatsu ta ce shi ne, ta hango wani ta ce a'a, wancan ne. Duk iri ɗaya suke. Ta jima tana nema, numfashinta yana sama-sama, har dai ta tsaya cak ta ce, "Ban gane ba. Binta, ki yafe mini, ban gane ba." Usman, mai bakin tsiyar nan, ya juya baya yana share ido da gefen rawaninsa.

Ta ce in buɗe jarkar. Kun san yadda ake yayyafa wa kabari ruwa bayan an rufe. Su ranar ko ɗigo ba su da shi. Ta riƙa kamfata da hannu tana yayyafa wa kowane tari, wannan kaɗan, wancan kaɗan, ba ta bar ko ɗaya ba har jarkar ta ƙare. Duwatsun suna shanyewa nan take. Muka yi fatiha, Kyaftin ma ya zo ya tsaya a bayanmu ya ɗaga hannu.

Da muka tashi, maimakon ya koma ta inda muka zo, sai ya zaga ta gabashin dutsen. Muna shan kwana sai ga wani kwari, ga dabinai kore shar, ga 'yan bukkoki, ga rijiya da raƙuma a bakinta. Gwaggo ta manna goshi a gilashi.

"Usman, tambaye shi. Wannan rijiyar sabuwa ce?"

Kyaftin ya ce tsohuwa ce, ta ayarin da can.

Daga inda muka yayyafa ruwa zuwa rijiyar nan bai fi mutum ya fita da safe ya isa kafin rana ta take ba. Dutsen ne kawai ya kare musu ita. Na ji tsoron abin da ganin nan zai yi mata. Ta yi ta kallo har kwarin ya ɓace a bayanmu. Sannan ta gyara zama, ta share fuska da mayafi, ta kama gwiwata.

"Garba."

"Na'am, Gwaggo."

"Kwana da kwanaki muka yi a hanyar nan, yau ga shi ko shayin da muka sha bai gama sauka ba. Ita Binta Allah bai nufa in kai ta ga ruwa ba. Amma ubanka yana bayan dutse ne kawai, ni kuma na zauna ina lissafin kunya. Yaushe babban jirgin yake tashi?"

Usman ya daka tsalle har ɗamara ta fizgo shi, yana ihu, "Allahu akbar! Halas, ya Kyaftin, halas!" Ni kuwa kuka nake yi ina dariya. Muna hango teku Gwaggo ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa, irin ta gidan biki, har ta danne ƙarar inji. Kyaftin ya firgita, jirgi ya ɗan yi tangal-tangal, na sake damƙe hannun Usman. Ya ce, "Tela, in ka karya mini hannu kai za ka tuƙa mota."

Gida

Usman ya yi ta zirga-zirga a ofisoshi har takardar fita da dawowarta ta samu, ana jibi izinina zai ƙare. Matan Ruwais suka cika motoci suka raka mu filin jirgi. A babban jirgin ita ta zauna kusa da taga, kuma wannan karon abincina bai wuce ni ba.

Mun sauka Kano da hantsi, muka yi shatar mota zuwa Kazaure. Tun daga Ɗambatta take tambayar ina kukar kaza, ina rijiyar wane, rabinsu duk babu. Da la'asar muka shiga layinmu. Sai na hango tabarmi a ƙofar gida, dattawa zaune. Na ce a raina zaman makoki ne, na kasa buɗe ƙofar mota. Liman ya taso ya ce, "Kwantar da hankalinka, dubiya muka zo. Yana ciki, tun jiya yake tambayar ko an ji ƙarar mota."

Gwaggo ba ta jira kowa ba. Matar da ko kasuwa ba ta iya zuwa, ta ratsa zaure da sauri har mayafi yana faɗuwa. Baba yana jingine da bango, farin gemu har ƙirji, mutumin da duk unguwa ba mai kiransa sai da Malam. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Tanko! Haka ka bari ka lalace?"

Sunansa ne na yarinta, duk masu kiransa da shi sun mutu sai ita. Ya ɗago ya ce, "Yaya? Yaya, kin daɗe."

Ta ce, "Na daɗe. Matsa in zauna. Me aka ba ka ka ci yau?"

Na ja musu labule na koma zaure.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni da abin da aka aike ni. Na gode wa taubashina Usman, duk da har yau yana aiko mini da gaisuwa a kan buhun da na ɗinka. Na gode wa Kyaftin, inda duk yake Allah ya sauke shi lafiya. Baba ya kai har bayan kaka, yana cin tuwon hannun yayarsa suna faɗa a kan wa ya fi wani mantuwa. Ranar da ya cika, kansa yana kan cinyarta.